Faifai Biyu Da Aka Zare Ranar Juma'a

Ana saukowa daga masallacin Juma'a, tun kafin dillalan shanu su koma kasuwar Kara, ihun mace ya tashi daga bayan asibitin ɗaukar hoton ciki na Dakta Lubabatu. Ranar kasuwar Wudil ce, gari cike yake da baƙi, nan da nan jama'a suka cika harabar.

Khairiyya ce ta yi ihun. Ɗaliba ce mai digiri na biyu a fannin kwamfuta, kuma ita ke kula da ƙaramin ɗakin da aka ajiye babbar na'urar ajiya ta asibitin. Ta kashe na'urar da hannunta da za a kashe janareto, ta je gida cin abinci. Da ta dawo ta buɗe ƙofa, sai ta tarar da gilashin taga a fashe. A gaban na'urar akwai gurabe shida na faifan ajiya. Biyu daga ciki sun zama ramuka.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Abin da take ta maimaitawa ke nan, hannu a ka.

Wani ya leƙa bayan tagar ya ga sawun takalmin ruwa a kan laka. Wani kuma ya tsinto takalman da kansu a ɗakin janareto, da ɗanyar laka a jikinsu. Kowa ya san na Tasi'u ne, maigadin asibitin, mutumin Achika. Yana shigowa daga masallaci, dadduma a kafaɗa, aka rufe shi da duka.

"Ɓarawo! Kai aka ba amana!"

"Wallahi daga masallaci nake! Me na yi?"

Wani dogon dattijo ne ya keta taron, ya tsaya a kan Tasi'u da sandarsa. Halliru Mai Sawu ke nan, tsohon ɗan sanda kuma shugaban 'yan sintirin gari. Tun yana yaro yake bin mahaifinsa neman shanun sata, kuma har yanzu in aka rasa sa a Kara shi ake kira.

"Duk wanda ya ƙara ɗaga hannu, da ni yake," in ji shi. Bai ɗaga murya ba, amma aka ja da baya.

Sajan ɗin 'yan sandan da ya zo ya dubi taron, ya tuna da kasuwar da ya bari ba kowa. Ya ce a tsare Tasi'u a ofishin sintiri don kada a kashe shi, sauran kuma ya bar wa Halliru, kamar yadda suka saba.

*

Halliru ya rufe ƙofar ɗakin da shi da Khairiyya da Dakta Lubabatu a ciki. Ya juya ga Khairiyya.

"'Yata, ni shanu na sani. Yi min bayani kamar kina yi wa kakarki. Mene ne aka ɗauka?"

Ta share hawaye. "Baba, faifan nan shida tare suke aiki, kamar abu ɗaya. Tsarin RAID ake ce masa. Kowane faifai yana da ɗan tagwayensa, duk abin da aka rubuta a ɗaya ana rubuta shi a ɗayan. In ɗaya ya mutu, ɗan'uwansa yana nan. Amma in tagwayen biyu suka tafi tare, komai ya rushe, har abin da ke kan sauran huɗun."

"Waɗanda aka zare fa?"

"Na uku da na huɗu." Ta nuna ramukan. "Tagwaye ne."

Dakta Lubabatu ta zauna a kan kujera kamar an ture ta. Ta ce tsohuwar na'urar asibitin ta lalace makon jiya da aka ɗauke wuta. Hotunan majinyatan da aka iya cetowa duk an zuba su a wannan, kafin a haɗa sabuwa. Babu su a ko'ina kuma.

"Akwai wata baiwar Allah, Talatu daga Dagumawa, da ƙari a cikinta. Ranar Litinin likitocin Kano za su yanke shawarar yi mata aiki, kuma sai sun ga tsofaffin hotunan su gwada da sabo, su san yadda abin ke girma. Me zan ce wa mijinta?"

"Ke kuma wane aiki kike yi a kan na'urar?" Halliru ya tambayi Khairiyya.

Ta nuna masa wasu allunan ƙarfe masu faɗin tafin hannu. Kwanturola ake kiran su, ta ce, su ne ke raba wa faifan aiki. Guda uku take gwadawa a kan faifai iri ɗaya, ta ga wanne ya fi sauri, wanne ya fi riƙon amana. Masu asibitocin kuɗi na yankin za su zauna ran Litinin su zaɓi wanda dukkansu za su saka, kuma sakamakonta suke jira. Biyu na waje ne, Ubaidullah mai kayan kwamfuta ya kawo su. Na ukun shi ne Walƙiya, wanda malaminta Injiniya Garzali ya sake wa manhaja da kansa, har aka yi hira da shi a rediyo a kai.

"Sakamakon yana ina?"

"A ciki. Hajiya ba ta yarda a fitar da komai daga ɗakin nan ba," in ji ta, tana duban Dakta Lubabatu.

"Shi Injiniyan yana ina?"

"Yana Zariya wurin taro tun Talata. Gobe zai dawo."

Halliru ya bi ɗakin da kallo. Sabuwar wayar Khairiyya na nan a caji a kan tebur. Batirin sola na nan. Faifai huɗu na nan. Gaban na'urar bango yake kallo, wanda ya leƙo ta taga ba zai ga guraben ba.

"Kada ki kunna ta tukuna. Kuma ku biyun nan, kada wanda ya ji daga bakinku faifai nawa aka ɗauka, ko waɗanne. Ko da uwa ce ta tambaya."

Ya karɓi makullin Dakta da na Khairiyya, ya ƙara nasa kwaɗon a ƙofar.

*

A bayan tagar ya tsuguna ya daɗe. An yi ruwa da safe, ƙasar ta riƙe komai. Fasassun gilashin duk a waje suka zuba, ko ɗaya babu a cikin ɗaki. Sawun ya taso daga ɗakin janareto zuwa taga, ya koma. Amma dunduniyar tana jan ƙasa a kowane taku, kamar yadda takalmi ke yi in ya fi ƙafar mai shi girma. Kuma a gindin tagar babu wurin da ƙafa ta nutse, irin na wanda ya yunƙura zai haura.

A ofishin sintiri ya tarar da Tasi'u ido ɗaya a kumbure.

"Miƙo ƙafarka."

Tasi'u ya miƙa. Ƙafa ce ta manomi, mai faɗi, wadda sai da dabara take shiga takalmin.

"Wa ke da makullin ɗakin?"

"Hajiya, da Khairiyya, da Injiniya. Ni na ƙofar waje kawai gare ni, ranka ya daɗe. Ita kuwa ran Juma'a ba na kulle ta, saboda masu jinya." Sannan ya ƙara da cewa, "Ran Laraba dai na ga makullin a hannun Ubaidullah. Khairiyya ta aike shi ya ɗebo wayoyi, ya fita da shi kasuwa, ya daɗe."

"Ka faɗa wa kowa?"

"Wa ya tsaya ya ji ta bakina? Baba Halliru, mutanen da nake buɗe wa ƙofa kullum, waɗanda nake ɗaukar marasa lafiyarsu a bayana, su ne suka..." Ya kai hannu ga idonsa da ya kumbura.

*

Kafin la'asar labari ya zaga gari cewa an kwashe kayan kwamfutar asibiti kakaf, an loda a motar shanu. Halliru bai gyara wa kowa ba.

Washegari da hantsi ya je shagon Ubaidullah kusa da tasha. Saurayi ne mai yawan magana, amma da ya ga wanda ya shigo sai ya haɗiye gaisuwar a tsakiya.

"Jiya lokacin salla kana ina?"

"Ina... wallahi Baba, na je kai wa wani kwastoma kaya a Gaya. A hanya na yi salla."

"Wa ya gan ka?"

"Allah ya gan ni."

Halliru ya sa sanda ya ɗaga wani buhu da ke ƙarƙashin kanta. Faifai biyu ne, a naɗe cikin tsohuwar jarida. Maƙwabtan shago da suka taru a ƙofa suka ɗauki salati. Aka aika aka kira Khairiyya. Ta juya su a hannu, ta girgiza kai.

"Ba namu ba ne. Waɗannan ƙanana ne, kuma tsofaffi."

Ta koma, jama'a suka watse ba da son ransu ba. Ubaidullah ya share gumi, tsoron ya juye ya zama fushi.

"Haba Baba! Don na riƙe makulli sau ɗaya? In sata zan yi, ai duk shidan zan kwashe, ina da masu saye. In kuma kashe na'urar nake so in yi, ba sai na fasa taga ba. In zare na ɗaya da na huɗu, shi ke nan, an gama."

Halliru da ya juya zai fita ya tsaya cak.

"Na nawa da na nawa ka ce?"

"Na ɗaya da na huɗu. Ko na biyu da na biyar. Ai ni na taya ta jona wayoyin ran Laraba."

*

Ya iske Khairiyya a barandar asibiti, zaune kusa da wani dattijo mai farar hula da ya kwana a wurin. Mijin Talatu ne. Halliru ya ja ta gefe.

"'Yata, jiya kin ce min na uku da na huɗu tagwaye ne. Yau Ubaidullah ya ce ɗan'uwan na huɗu shi ne na ɗaya. A cikinku wa ya yi kuskure?"

Ta buɗe baki za ta amsa, sai ta tsaya. Idanunta suka firfito.

"Wayyo Allah. Baba, ni ce. Wata guda ina aiki a kan Walƙiya, shi ne ke haɗa su na ɗaya da na biyu, na uku da na huɗu. Shi ya zauna min a kai. Amma ran Laraba na cire shi na saka kwanturola na ƙarshe, shi kuwa daban yake haɗa su. Ɗan'uwan na uku yanzu na shida ne. Na huɗu kuma..." Ta toshe baki da hannu biyu. "Suna nan! Baba, hotunan suna nan!"

"Sassauta murya. Me ya sa kika canza ran Laraba?"

"Hajiya ce ta ce a zuba hotunan majinyata, ni kuma na ƙi zuba su a kan Walƙiya."

"Don me?"

Ta sunkuyar da kai. Da ƙyar ta faɗa. A gwajin sauri Walƙiya ya yi wa sauran biyun fintinkau. Amma da ta gwada yanke wuta ana tsakiyar rubutu, sai ta gano dalilin saurin. Yana cewa ya rubuta alhali bai rubuta ba, yana riƙe da abin a kansa, kuma ba shi da batirin da zai tsare shi. Wuta na ɗaukewa, abin ya ɓace, wani lokaci har ya gauraya fayil da fayil. Tsohuwar na'urar asibitin da ta lalace ma shi ne a cikinta.

"Wa kika faɗa wa?"

"Malam kaɗai, ta waya, ran Talata. Ya ce in bar komai yadda yake, kada in taɓa, sai ya dawo mu duba tare."

"Kin gaya masa kin canza?"

"A'a. Kunya nake ji, na saɓa maganarsa." Ta dube shi, sai ta fahimci inda tambayoyin suka dosa. Ta ja da baya. "A'a, Baba. A'a. Shi ya koya min riƙe sukundireba. Da mahaifina ya rasu shi ya je har gida ya hana a cire ni daga makaranta. Yana Zariya!"

"Ban ce komai ba. Mijin Talatu kaɗai za ki ce wa ya kwantar da hankalinsa. Sauran ki bar min."

*

Bayan la'asar aka taru a ofishin Dakta Lubabatu. Sajan yana bakin ƙofa. Tasi'u ya rakuɓe a ƙasa, Ubaidullah ya harɗe hannu a jikin bango. Injiniya Garzali ne ya shigo a ƙarshe, ɗan siririn mutum mai gilashi, da jakar tafiya a hannu. Ya gaisa da kowa a natse, ya yi wa Dakta jaje, ya dubi Tasi'u ya girgiza kai.

"Yanzu na sauka, a tasha nake jin wai an kwashe komai. Khairiyya, sannu. Allah ya mayar da alheri."

Ba ta ɗago ba.

Halliru ya ce, "Ga abin da na gani. An fasa tagar daga ciki ne, wanda ya shiga da makulli ya shiga. Ya sa takalmin Tasi'u ya taka laka don a ce shi ne, amma takalmin ya yi masa yawa. Ya bar waya, ya bar batir. Ba sata ta kawo shi ba." Ya juya ga Ubaidullah. "Kai ka fita da makulli ran Laraba, kuma ba wanda ya gan ka a masallaci."

"Baba, na rantse..."

"Yi shiru. Injiniya, kai ne masani a nan. Kafin in miƙa yaron nan, ina so sajan ya ji girman ɓarnar. Akwai matar da ranta ya rataya a kan hotunan da ke cikin na'urar. Za a iya ceto su?"

Garzali ya ɗago da sauri. "Waɗanne hotuna? Ai na'urar gwaji ce."

"Na majinyata," in ji Dakta Lubabatu. "Duk abin da muka ceto daga tsohuwar, ran Laraba muka zuba a ciki."

Jakar ta suɓuce daga hannunsa. Leɓɓansa suka yi fari.

"Ran Laraba? Wa ya ce... Hajiya, me ya sa ba a gaya min ba?"

"Za a iya ceto su ko ba za a iya ba?" Halliru ya sake tambaya.

"Ba za a iya ba!" Muryarsa ta fashe. "Na uku da na huɗu tagwaye ne, in suka tafi tare babu wanda zai..."

Ya tsaya. Can nesa ana jin kukan shanun da ake lodawa a mota.

"A tasha an ce maka an kwashe komai," in ji Halliru a hankali. "Ɗakin yana kulle da kwaɗona tun jiya. Mu uku ne muka san guraben da aka zare, sai kuma wanda ya zare su. Ubaidullah ya san an canza tsarin, da shi ne da ba waɗannan zai ɗauka ba. Tasi'u bai san tagwaye ba balle ya zaɓa. Mutum ɗaya ne ya san tsohon tsari, bai san sabo ba."

Dakta Lubabatu ta miƙe tsaye, hannu a ƙirji. "Garzali? Kai?"

Halliru ya miƙa wa Khairiyya makulli. Duk suka bi ta zuwa ɗakin na'urar, har Garzali, sajan na bayansa. Ta danna maɓalli. Na'urar ta yi ƙara, ta fara kukan gargaɗi, jan haske biyu suka kama a guraben da babu komai. Sannan allon ya buɗe. Ta nemo sunan Talatu. Hotunan suka jeru, baƙi da fari, ɗaya bayan ɗaya.

Garzali ya zame a jikin bango har ƙasa. Ya cire gilashinsa.

"Alhamdu lillahi," ya ce, yana kuka. "Wallahi ban san suna ciki ba. Sakamakon kawai nake so ya ɓace, a wuce Litinin, in samu lokaci in gyara. Asibiti huɗu na saka wa abin nan. An kira ni a rediyo, 'ya'yana sun ji. Jiya da safe na taso daga Zariya, na ajiye mota cikin motocin kasuwa. Faifan suna but ɗin motata. Na tsaya a kan gada zan jefa su a kogi, hannuna ya ƙi."

"Tun yaushe ka san yana cinye bayanai?" Dakta ta tambaya.

"Tun bara."

Ta juya masa baya, ta ɗauki waya, ta fara kiran sauran asibitocin ɗaya bayan ɗaya.

Garzali ya dubi ɗalibarsa. "Gwajinki daidai ne, Khairiyya. Babu kuskure ko ɗaya a ciki."

"Malam," ta ce, hawaye na zuba, "da cewa ka yi in zo mu gyara, da ko shekara za mu yi ina tare da kai. Amma takalmin Tasi'u fa? Ka san abin da ake yi wa ɓarawo ranar kasuwa."

Garzali ya mayar da gilashinsa.

Sajan ya ɗaga shi. A waje jama'a sun sake taruwa, waɗanda suka yi dukan jiya suna gaba-gaba, suna jiran a fito musu da maigadi. Da suka ga wanda aka riƙe, babu wanda ya yi ihu. Wani ya ɗauke kai, wani ya sulale ta bayan taron.

Ƙofar waje a rufe take. Tasi'u ya wuce gaba yana ɗingishi, ya zare sakata, ya buɗe ta gaba ɗaya. Da Garzali ya iso daidai shi sai ya tsaya.

"Tasi'u, ka yafe min."

Tasi'u ya dube shi da idon da ke buɗewa, ya daɗe yana dubansa.

"Wuce, Injiniya," ya ce. "Akwai mara lafiya a bayanka, ka tare hanya."